Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

A watan Janairun 2021 WhatsApp ya aiko wa jama'a sababbin sharuɗɗa, ya ce ko a amince kafin 8 ga Fabrairu ko a daina amfani da shi. Mutane suka fusata, miliyoyi suka yi ƙaura zuwa Telegram da Signal, har kamfanin ya ɗaga wa'adin zuwa 15 ga Mayu. Fushin nan yana bisa gaskiya, domin wanda za a sauya wa hanyar zumuncinsa ya cancanci a shawarce shi.

Ni kuwa abin da ya tsorata ni daban ne. Karatun da na daɗe ina tura wa ɗalibaina duk yana can, babu ko shafi ɗaya a takarda. Alhali nan Hubbare muke, makwancin Shehu Usmanu wanda ya rasu tun 1817, ga littattafansa a hannunmu saboda almajirai sun kwafe su da alƙalami.

Don haka idan an yi mana dole mu yi magana, amma duk darasi mai amfani mu rubuta shi a littafi, tun da gidan ba namu ba ne. Allah Ya sa mu dace.