Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Abin Da Hoto 12 Ya Koya Mini

Ranar da kakanmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, mun zauna neman hotonsa. Kusan kowa a gidan ya taɓa ɗaukarsa da waya, amma wayar wannan ta faɗa ruwa, ta wancan an sace, wani kuma ya goge don samun wuri. A ƙarshe abin da ya fitar da mu kunya shi ne wani tsohon hoto baƙi da fari da aka ɗauka tun kafin a haifi mahaifina. Daga ranar na fara tambayar kaina: mu da muka fi kowa ɗaukar hoto, me za mu bar wa na baya?

Ganin na damu, sai kawuna ya buɗe akwatinsa ya ba ni tsohuwar kyamararsa ƙirar Yashica, mai ido biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Fim ɗin da take ci shi ne mai lamba 120, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi tun 1901. Faɗinsa kimanin santimita 6 ne, ya ɗara na ƙananan kyamarori nesa ba kusa ba, shi ya sa ko an ƙara girman hoton sai ka ga zaren hula ɗaya bayan ɗaya. Sai dai naɗi guda hoto 12 kacal yake bayarwa, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke.

Ya kai mai karatu, a nan darasin yake. Wanda ke da hoto 12 ba ya danna maɓalli don kawai yatsansa na ƙaiƙayi. Sai ya duba inda rana take, ya auna haske, ya jira. Ita wannan kyamara ba a ɗora ta a fuska. A ƙirji ake riƙe ta, a sunkuyar da kai a leƙa ta sama, inda dama ke komawa hagu. Da na ɗauki wani dattijo mai sayar da goro a unguwar Sabo, sai da muka gaisa, na nemi izini, sa'annan na sunkuya gabansa kamar mai gaisuwa. Ya gyara zama ya dube ni da natsuwa. Ban taɓa samun irin wannan kallo da waya ba.

Wankin ma makaranta ce. A cikin duhu ƙirin ake naɗa fim a tukunyarsa, sai a zuba sinadarin da ke fito da hoto, a tsayar da shi, a bi da wanda ke kafe shi. Ana son ruwan ya kasance a digiri 20, don haka a zafin ƙasar nan sai da ƙanƙara. Naɗina na farko gaggawa ta sa haske ya shiga, hoto 3 kawai suka tsira. Na biyu kuma ƙurar hunturu ta manne masa wajen shanya. Amma ranar da na ɗaga nagetif na ga fuskar mai goro, sai na manta wahalar duka.

Na san abin da abokaina za su ce: fim ya yi tsada, sai an yi odarsa daga waje, kuma komawa baya ne. Maganar tsada gaskiya ce, ɗalibin da ke fama da kuɗin makaranta ba zan ce ya bar abinci ya sayi Ilford ba. Amma batun komawa baya ban yarda ba. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara hoto kusan 1,000 baƙi da fari, ya rasu a 2014, ga shi har yau ana nazarin aikinsa. Malick Sidibé na Bamako ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin zane-zane na Benis a 2007. Da ba su adana nagetif ɗinsu ba, wa zai san su?

Mu ɗaliban Hausa muna koyon adana waƙa da tatsuniya, to fuskokin masu su fa? Marina da maƙera da masu kitso suna tsufa a gabanmu. Ba lallai sai da fim ba. Ko da waya ce, a nemi izini, a natsu kamar saura hoto ɗaya, a zaɓi mai kyau a wanke shi a takarda, a rubuta suna da shekara a bayansa. Wanda ya je gida hutu ya fara da tsofaffin gidansu tun suna raye.

Allah ya sa mu dace, amin.