Masu Neman Aiki, Ku Sauya Kalmar Sirri Yau!

Matasa masu neman aiki, ku tsaya ku duba abin da kuka bari a intanet. CV ɗin da kuka ɗora a shafukan neman aiki na ɗauke da cikakken suna, lambar waya, ranar haihuwa, adireshin gida da makarantun da kuka yi. Masu kutse sun san haka, shi ya sa ba sa ɗaga wa waɗannan shafuka ƙafa.

A 2007 sun kwashe bayanan mutum miliyan 1.3 daga shafin Monster na Amurka. A 2024 hukumar samar da aikin yi ta Faransa, France Travail, ta sanar cewa kutsen da aka yi mata zai iya shafar mutum miliyan 43. Amma na LinkedIn ya fi kamata ya hana mu barci. An yi shi a 2012, aka ce kalmomin sirri miliyan 6.5 ne suka fita. Sai a 2016 gaskiya ta bayyana, lokacin da aka baje asusu miliyan 117 a kasuwa. Shekara huɗu cur mutane na zaune cikin rashin sani! A shekarar 2016 ɗin aka shiga Twitter da Pinterest na Mark Zuckerberg, mai Facebook, masu kutsen suka ce a cikin kayan LinkedIn suka tsinci kalmarsa. In mai Facebook bai tsira ba, ina ga ni da kai?

Makulli ɗaya ga dukkan ƙofofi, wannan ita ce cutarmu. To, a daina. Ku fara da imel, domin duk wanda ya riƙe shi zai iya sauya kalmomin sirrin sauran asusunku. Ku ba kowane asusu doguwar kalmarsa daban, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ku saka adireshin imel ɗinku a shafin Have I Been Pwned, kyauta zai nuna muku inda ya taɓa fallasa. Ku cire lambobin NIN da BVN daga CV, ku rufe tsofaffin asusun da kuka manta da su.

Wanda ya kira ya ambaci sunanku daidai, ya ce an ɗauke ku aiki amma ku turo kuɗin rajista ko lambar da ta shigo wayarku yanzu, ku kashe wayar. Sanin sunanku ba shaida ba ce. Wataƙila sayen sa ya yi.

A Najeriya akwai dokar kare bayanai ta 2023 da hukumar NDPC mai aiwatar da ita. Kamfanin da ya yi sakaci da bayananku, ku kai ƙararsa can.