Mu Rufe Tiyon Pampo Tun Lokacin Ɗari

Jama'a, a ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Faransa, ruwa yakan daskare cikin tiyo, ya kumbura, ya fasa shi. Shi ya sa suke bizne tiyo da zurfi. A Maraɗi, Tsibiri da Jiratawa, ɗarin Janairu bai kai ya daskarar da ruwa ba. Amma mu ma dole ne mu bizne namu.

Rana tana cin tiyon roba har ya tsage. Amalanke tana taka shi. Ruwan damina yana kwashe rairayi, ya bar shi a fili. In tiyo ya tsage, kuɗin ruwa ya ƙaru. In an ɗauke ruwa kuma, ƙazanta takan shiga ta wurin tsagewar, iyali su sha. Kada mu manta da cutar amai da zawo da ta addabi jihar Maraɗi a shekarar 2021.

Lokacin ɗari shi ne lokacin gyara, tun bazara ba ta zo ba. Maigida, gina rami kamu guda, nesa da salanga, ka rufe tiyonka. In yana yoyo, kira mai gyara yau. Rigakafi ya fi magani.