Mudun da ba mu taɓa gani ba

Maƙalar wannan makon kan wuta ce, amma ba kukan "an ɗauke, an kawo" da muka saba ba.

A Gazara, idan ka je awon masara, mudun yana gabanka, kana kallon yadda ake cika shi. Wutar lantarki kuwa mudunta yana can cikin tashar rarraba wuta, a bakin layin da ke kawo mana, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba.

Wannan mitar abu biyu take ƙirgawa. Akwai jimillar wutar da ta wuce, wato yunit. Akwai kuma nauyin da aka ɗora wa layin a lokaci guda: tana ɗaukar matsakaicin abin da aka ja cikin kowane minti 15 ko 30, ta riƙe mafi girma har sai an goge. Masu injin niƙa goma su tayar tare da safe, ba daidai yake da su yi bi-da-bi ba, ko da yunit ɗinsu ɗaya ne.

Ga inda gizo ke saƙar. Mitar ba ta shan wutar layin kai tsaye. Wata 'yar taransifoma ce ke rage mata, misali amfiya 200 ta koma 5, sai a saita mitar ta riƙa ninkawa. In aka saita 400 a maimakon 200, duk abin da ta rubuta ninki biyu ne, kuma ba wata ƙara da za ta yi. Ban ce ana yi mana haka ba. Cewa na yi hannun ɗan Adam ne ke saitawa.

Me ya shafi gidan da ko mita ba shi da ita? A Fabrairun 2020 hukumar NERC ta sa iyaka kan kuɗin wuta na ƙiyasi, kuma wutar da aka auna a kan layi tana cikin abin da ake lissafin iyakar da shi. Haka rukunin A zuwa E: awa 20 a rana, 16, 12, 8, 4. Da aka kai rukunin A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kowa ya yi ta surutu kan farashi, kaɗan ne suka tambayi wa ke ƙirga awannin.

A ganina, ya kamata Kaduna Electric ta riƙa liƙa karatun mitar kowane layi duk wata, da ranar da aka duba saitinta, inda mutanen Maƙarfi, Ikara da Kudan za su gani. Mu kuma mu daina rubuta "kuɗin ya yi yawa" kawai. Kafin ka ɗauki biro, ɗauko takardar bil ɗin gidanku, ka duba sunan layinku da rukuninku, ka yi mako guda kana rubuta awannin da wuta ta zauna. Wanda ya yi, ya kawo mana nan ranar Juma'a.