Hattara da Saƙon Ƴan Damfara

A ƙasar Damargu, daga Tanut har Belbeji, wayar salula ta shiga hannun manomi da makiyayi. A ƙaramar hukumar Tenhiya, inda rugage ke nesa da juna, ita ke kawo labarin farashin bisashe, ta cikinta kuma ake karɓar kuɗin da ɗan ci-rani ya aiko daga Agadas, Kano ko Libiya. Ɓarayi sun lura da haka, sun biyo hanyar.

Ga yadda abin yake faruwa. Mutum ya sayar da rago ran kasuwa, ya zuba kuɗin cikin waya. Da marece saƙo ya shigo da Faransanci, wai an turo masa jaka hamsin. Nan take wani ya kira, murya na rawa, ya ce kuskuren lamba ya yi, kuɗin maganin mahaifiyarsa ne, don Allah a mayar. Mai rago, da yake mutumin kirki ne, ya mayar. Alhali ko dala ba ta shigo ba. Saƙon ɓarawo ne ya rubuta shi da hannunsa, abin da ya fita kuwa kuɗin ragon ne.

Wani lokaci a ce an ci kyauta, ko ana rubuta sunayen masu samun agaji, amma sai an biya kuɗin takarda. Wani ya ce shi ma'aikacin kamfanin waya ne, a faɗa masa lambar sirri, ko lambobi 6 da WhatsApp ya aiko. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar wannan. Saƙon ƙarya yakan fito daga lambar waya mai alƙaluma 8 irin ta kowa, kuma kullum cikin gaggawa yake. Mai waya ya fara duba ragowar kuɗinsa tukuna: in ba su ƙaru ba, ba a turo kome ba.

Babban nauyin yana wuyan waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci. A ƙauye ko a bakin rijiya, su ake miƙa wa waya a ce su karanta. Karantawa kawai ba ta isa ba. Wajibi ne su dubi inda saƙon ya fito, su hana mai waya garaje, su kuma ƙi karɓar lambar sirrinsa ko da shi ya miƙa.

Nijar tana da dokar ranar 3 ga Yuli 2019 mai hukunta laifuffukan da ake yi ta intanet da wayoyi. Sai dai wanda aka cuta yakan yi shiru don kunya, har ɓarawon ya cuci maƙwabcinsa. Ya kamata hakimai da malaman yaƙi da jahilci su sanar a kasuwanni cewa duk wanda abin ya shafa kada ya goge saƙon, ya riƙe lambar da ta kira shi, ya kai ƙara wurin jandarmomi.