Ruwan Dattin Masana'antu Da Amanar Ƙasar Noma

A watan Janairun 2021, hukumar kula da albarkatun ruwa ta jihar Kalifoniya a Amurka ta amince da ƙa'ida guda da ta shafi masana'antun giyar inabi na faɗin jihar, wadda ta fayyace yadda za su riƙa zubar da ruwan dattinsu a ƙasa. An rarraba masana'antun mataki-mataki gwargwadon yawan ruwan da kowace ke fitarwa a shekara. An ɗauke wa ƙananan da ba su kai galan 10,000 ba nauyin shiga tsarin, aka tsananta sharuɗɗa a kan manya, har da auna ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda ba a san Najeriya da sarrafa inabi ba. Sai dai maganar ta ruwa ce da ƙasar noma, kuma waɗannan biyu sun shafi kowa.

Ruwan da ake wanke tankuna da ganguna da daɓen masana'anta yana ɗauke da sukari da tsami da ɓarɓashin 'ya'yan itace, ga kuma sinadarin sodiyam daga sodar wanki da fotasiyam daga inabin kansa. Idan aka watsa shi a gona daidai gwargwado, ƙananan halittun da ke cikin ƙasa sukan cinye dattin, shuka ta samu ruwa. Idan aka wuce ƙima, iskar da saiwa ke shaƙa ta ƙare, wari ya tashi, sodiyam ya wargaza yumɓun ƙasa har ta daskare ta daina shan ruwa, ragowar sinadarai kuma su tsiyaya cikin rijiyoyi. Ɓarnar ba ta bayyana a damina ɗaya, shi ya sa ake raina ta, alhali gyaranta na cin shekaru.

Afirka ta Kudu, wadda ke da gonakin inabi masu yawa a lardin Yammacin Kef, ta ɗauki matakinta tun a dokar ruwa ta 1998, inda ta sanya ban-ruwa da ruwan datti cikin ayyukan da sai da izinin hukuma. Ƙa'idar a can ita ce, gwargwadon yawan ruwan da za a zuba a rana, gwargwadon tsabtar da ake buƙata, tare da iyaka a kan gishiri da tsami.

A Najeriya ba doka aka rasa ba. Tun bayan badaƙalar sharar guba da aka jibge a garin Koko a 1988 aka fara gina tsarin kare muhalli. Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta zo a 1992, aka kafa hukumar NESREA a 2007, sannan a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masana'antun abinci da abin sha da taba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bin diddigin ruwan bayan ya bar bakin bututu. Duk wanda ya san Kano ya san yadda ruwan unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa ke gangarawa cikin rafuka, ya kuma san cewa manoman rani na ban-ruwan latas da alayyafo a gaɓar Jakara. Haka nan ruwan matsar rogo yana ɗauke da gubar sayanaid, kuma a garuruwa da dama a fili ake sake shi.

Yanzu da gwamnati ke kwaɗaitar da masu zuba jari su kafa masana'antun sarrafa tumatir da rake da rogo da 'ya'yan itace a kusa da gonaki, lokaci ya yi da za a rufe wannan giɓi. Ya kamata Ma'aikatar Muhalli da ta Noma da ta Albarkatun Ruwa su zauna su fitar da ma'auni ɗaya na zubar da ruwan masana'anta a gona, wanda zai bambanta ƙaramin mai sarrafawa da babban kamfani, domin kada a kashe mai ƙaramin jari da kuɗin gwaji. A wajabta auna ƙasa kafin a fara zubarwa da kuma bayan kowace kaka, a tilasta gina tafkunan tacewa, a kuma wallafa sakamakon yadda manomi da dagacinsa za su iya gani. Jami'an sa ido su ma suna buƙatar ɗakunan gwaji da motoci da kasafin da zai isa hannunsu a kan kari.

Nauyin yana kan daraktoci da mataimakan ministoci da ke tsara takardun majalisar zartarwa, domin daga teburinsu ne sharaɗi ke shiga lasisi ko ya zube a hanya. Masana'anta na iya rufewa ta koma wani gari, amma manomi ba shi da wata gona sai wadda ya gada. Rigakafi ya fi magani, kuma ƙasar da gishiri ya cinye ba ta jin lallashi.