Kocin unguwa: aikin kyauta da wani ke biya

A Kano, Kaduna, Jos ko Zariya, duk unguwar da ta rage da fili za ka tarar bayan la'asar da mutum ɗaya riƙe da usur, yara sun kewaye shi suna kiran "Koci! Koci!" Ba wanda ya ɗauke shi aiki, ba mai ba shi albashi. Ana yabonsa da raba yara da zaman banza da shaye-shaye, kuma ya cancanci yabon. Sai dai ba a cika zama a lissafa abin da aikin ke ci ba, balle a tambayi aljihun da yake ci. Mai shirin karɓar usur gara ya yi wannan lissafi tun kafin sunan ya bi shi.

Mu fara da kuɗi. Ƙwallo ba ta daɗewa a filin tsakuwa. Ga jesi, ga raga, ga ruwan leda, ga kuɗin rajistar gasa da na alƙalin wasa. Akan ce yara su yi karo-karo, amma ranar wasa wasu za su zo hannu rabbana, kuma babu kocin da zai bar mai ci masa ƙwallo a gida don bai kawo kuɗin mota ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Shatar motar zuwa wasa a wani gari ta zama babbar magana. Ɗan siyasar da ya kawo jesi mai hotonsa ana gab da zaɓe, da wuya a sake jin ɗuriyarsa bayan an ƙirga ƙuri'a. Giɓin da ya rage, daga kuɗin cefanen koci ake cike shi.

Sai lokaci. Tsakanin la'asar da magariba ne kasuwa ke ci, lokacin ne direban Adaidaita Sahu ke samun fasinja, tela ke jiran masu karɓar ɗinki. Wanda ya ba fili waɗannan sa'o'i ya yafe cinikinsu. Kuma lokacin Islamiyya ne a unguwanni da dama, don haka ranar da yaro ya gudu daga karatu, ƙofar koci mahaifinsa zai buga.

Nauyin da ya fi kuɗi shi ne amanar 'ya'yan mutane. A filin unguwa babu likita, babu inshora. Idan ƙafa ta karye, koci ne zai ciccibi yaro zuwa asibiti ko wurin mai ɗori, shi zai fara biya, kuma shi zai tsaya gaban uwa tana cewa, "Ai kai ka ɗauke shi." Idan wasa ya tashi da jifa tsakanin unguwanni biyu, sunansa za a fara kira a ofishin 'yan sanda. Zargi ɗaya, ko da na ƙarya ne, ya isa ya rushe mutuncin da ya yi shekaru yana ginawa.

Me ya sa mutane ke jure duk wannan? Wasu don Allah da son yara. Wasu kuwa, a can cikin zuciya, suna jiran ranar da za su fitar da nasu Ahmed Musa, yaron Jos da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, ya wuce Holan a 2010, daga nan CSKA Moscow, har Leicester City ta saye shi a 2016 kan sama da fam miliyan 16. Dokar FIFA ma tana ƙarfafa wannan buri: idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. A ciniki irin na Leicester, wannan kaso ya haura fam dubu 800.

Amma a karanta dokar da kyau. Ƙungiya ake biya, ba mutum ba, kuma ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallo, wadda sunanta ke cikin tarihin rajistar ɗan wasan. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris da ke bin wannan tarihi a kwamfuta yana rarraba kuɗin. Kocin da ya koya wa yaro tare ƙwallo tun yana ɗan shekara goma, amma bai taɓa rubuta sunansa a ko'ina ba, a idon wannan ofishi babu shi. Da zarar yaro ya fara haske, makarantar ƙwallo mai takardu za ta ɗauke shi, ladan raino ya koma can. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ko takardar shaidar horarwa, ta Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ko lasisin CAF, da kuɗinsa koci zai nema.

Akwai kuma abin da lamiri ke biya. Za a zo wa koci da maganar rage wa yaro shekaru don ya shiga gasar 'yan ƙasa da 17, matsalar da ta sa FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar duniya ta 2009 da aka buga a Nijeriya, har da Kano, Kaduna da Bauchi. Za a zo masa da dillalin da ke alƙawarin gwaji a Turai idan uba ya sayar da fili ya biya kuɗin biza, alhali dokar FIFA ta hana fitar da yaron da bai kai 18 ba, in ban da wasu keɓaɓɓun dalilai. Idan abin ya watse, dillali ya kashe waya, koci ne ke unguwa.

Wannan lissafi bai ce a bar yara ba mai kula da su ba. Ribar da ke hannu ita ce tarbiyya, lafiyar jiki, da yaron da ya koyi zuwa kan lokaci da karɓar hukunci. Wanda wannan ta ishe shi, bismillah, amma da sharaɗi: a kafa kwamitin iyaye da mai unguwa da zai riƙe asusu, a yi wa ƙungiya da kowane yaro rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, uba ya sa hannu kafin tafiya, kada koci ya keɓe da yaro shi kaɗai, kuma wanda bai je makaranta ba kada ya taka fili. Idan unguwa ta ƙi ɗaukar ko ɗaya daga cikin waɗannan, ta nuna cewa wanda za ta jibga wa nauyinta take nema, kuma mutum yana da haƙƙin ya ce a nemi wani.